Abin da Dikoda Ta Goge wa Adda Zulai

Duk wanda ya ƙera dikodar da ke ɗakin Adda Zulai, ina roƙon Allah ya haɗa ni da shi a Kasuwar Jalingo ranar da ban yi ciniki ba. Ba dukansa zan yi ba. Zaunar da shi zan yi a kan bencina, tsakanin kwandon kifi da jarkar man gyaɗa, in cire masa tabarau, in miƙa masa rimot ɗin da ya yi da hannunsa, in ce to bismilla, nuna mana yadda ake yi.

Sunana Keziah, 'yar Kona ce ni, busasshen kifi nake sayarwa. Adda Zulai maƙwabciyata ce a kasuwa tun ina goyon ɗana na fari, wanda yanzu shi ma ya ajiye iyali. Ita Musulma, ni Kirista, amma kwanonmu ɗaya da rana, kuma in na tafi coci ranar taron mata ita ke sayar mini da kifi, ta fi ni iya tsuga kuɗi ma. Kakanta ne ya zo daga Zariya da fatauci, ya ga garin ya yi masa, ya zauna. An haife ta a unguwar Turaki A, aka kai ta aure Turaki B, takan ce iyakar yawon duniyar da ta yi ke nan. Man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli, da su ta yi wa 'ya'yanta biyu makaranta, Muntasir da Najiba.

Ina faɗin wannan ne don kada wani ya karanta labarin nan ya ce ai tsohuwa ce, kanta ne bai ja ba. Matar da take ciniki da Fulani cikin Fulatanci, ta juya ta yi da masu doya cikin Mumuyanci, ta kuma zage ni da yaren uwata in na taɓa mata mudu? Matar da in bel ɗin injin niƙa ya tsinke ba ta jiran kowa? Kanta lafiya lau yake.

Mijinta Malam Hambali maƙeri ne. Garmar da ake huɗar doya da ita a ƙauyukan nan, da yawa daga maƙerarsa suka fito. Mutum ne mai kirki, sai dai magana a wurinsa kamar ana cire masa haƙori. A duk zamansu bai taɓa kiran matarsa da sunanta ba. “Ke,” yake cewa, in kuma da baƙi ya ce “masu gida.” Ita ma ba ta kama nasa, Malam take cewa. Haka suka taso suka ga ana yi a gidajensu, kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ni dai nakan tsokane ta in ce, “Adda, anya mutumin nan ya san sunanki kuwa? Ko dai ya manta ne yana jin nauyin tambaya?” Sai ta jefe ni da ƙuli-ƙuli.

Wata Babbar Salla Muntasir ya zo daga Abuja, inda yake aiki, da kaya niƙi-niƙi. Ya sa wa iyayensa sola, ya kafa musu dish, ya ajiye wata baƙar dikoda a ƙarƙashin talabijin. Ya ce wannan ba irin ta kowa ba ce, tana naɗar shiri ta ajiye, in mutum ya dawo ya kalla. Yaro ya yi abin kirki, ban ga laifinsa ba. Amma da na ɗauki rimot ɗin na duba, sai da na ce, “Muntasir, wannan na tuƙa jirgin sama ne?”

Maɓallai ne cunkus, ƙanana kamar ƙwayar wake, baƙaƙe a kan baƙi. Rubutun da ke kansu Turanci ne, Turancin ma an gutsure shi, harafi biyu uku, wasu kuwa ba rubutu sai wani zane da ba ya kama da komai a duniyar nan. Kibiya iri-iri, wata ta kalli gabas, wata yamma, wata an yi mata tagwaye. Babban yatsan Malam Hambali, wanda ya shekara da shekaru yana riƙe guduma, faɗinsa ya kai murfin kwalba. In ya danna ɗaya, uku ne suke amsawa.

Muntasir ya yi ta bayani har ya gaji, hutunsa kuma ya ƙare. Ranar da zai koma ya dunƙule musu karatun gaba ɗaya ya zama doka biyu. Ya ce, “Baba, Mama, duk abin da ta tambaye ku, ku danna na tsakiya kawai. Sannan kada a cire ta daga wuta. In aka cire ta da ƙarfi abin da ke ciki zai iya lalacewa.” Najiba kuma ta ɗauko jan farce ta ɗiga a kan maɓallan da za su riƙa taɓawa, saura ta ce su ɗauka babu su.

Ana nan sai ga mutanen wani ƙaramin gidan talabijin sun zo maƙera da kyamara, suna shiri a kan sana'o'in gargajiya. Ranar da za a nuna, ɗakin Adda ya cika, ni ma na rufe rumfa da wuri na je. Najiba ta danna jan maɓalli don a naɗa. Ga Malam Hambali nan a talabijin, ya sa rigarsa ta Juma'a a gaban wuta, abin da bai taɓa yi ba. Ya nuna zuga-zugi, ya nuna yadda ake lanƙwasa bakin garma, amsa ɗaya kalma biyu. Can sai mai tambayar ya ce, “Malam, an ce akwai shekarar da ciwon baya ya kwantar da kai, maƙera ta rufe. Wa ya riƙe ka?”

Malam ya sunkuyar da kai, ya sosa gemu, ya yi wata 'yar dariya ta cikin hanci. Sannan ya ɗago ya ce, “Zulai ce. Ba don Zulai ba, da tuni na ajiye guduma.”

Ɗaki ya kaure da shewa. Ni har guɗa na yi, duk da ban iya ba. Adda ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi da gudu ta shige madafa, wai miya za ta ƙone, alhali ba ta ɗora komai ba. Shi kuwa gogan naka da ke zaune a bakin ƙofa sai ya miƙe ya ce ya manta wani abu a maƙera. Daga ranar bai ƙara faɗa ba, ya koma “ke” ɗinsa kamar ba a yi ba.

Amma ya riga ya faɗa, kuma yana cikin akwati. Adda ta sa Najiba ta koya mata hanyar zuwa wurinsa, ta haddace kamar hanyar gidan biki: jan farce na sama, ƙasa, ƙasa, dama, tsakiya. In Malam ya fita sai ta kunna ta kalla ita kaɗai. Na sani ne saboda duk ranar da ta kalla takan zo kasuwa tana ƙara wa mutane gyara babu dalili.

Wata safiya ta zo ranta a ɓace. Ta ce ta bi hanyarta yadda ta saba, sai ta tsinci kanta a wata tashar da ake tallar katifa. Ashe dikodar ce ta sabunta kanta, ba sallama ba neman izini, ta juya komai. Abin da ke sama ya koma gefe, shuɗi ya zama toka-toka, rubutu ya ƙara ƙanƙancewa. Don Allah ku gaya mini, wa zai shiga madafar mace ya canza wa gishiri da sukari wuri, ya fita, ya ce gyara ya yi mata? Lokacin an riga an kai Najiba ɗakinta a Wukari, sai ta waya ta yi ta lalube da uwarta har suka gano sabuwar hanya. Adda ta sake haddacewa, ba ta yi ƙorafi ba. Ni ce na yi mata, har masu tumatir suka ce in sassauta murya.

Shi Malam Hambali abu ɗaya yake kallo, kokawar Turawa, irin ta ƙattin nan masu ɗan kamfai da suke ɗaga juna suna makawa a kan tebur. Kullum sai ya ce ƙarya ce, shiri ne, amma ba ya bari ta wuce shi. Wata rana ana tsakiyar kokawa aka kira la'asar. Ya tuna da jan maɓalli, ya danna. Wani ɗan rubutu ya fito a kusurwa, ƙanana-ƙanana, da Turanci. Ya bi dokar ɗansa, ya danna na tsakiya. Adda ta ce har da fahariya ya yi, ya ce, “Na ɗaure su, su jira ni in dawo.” Daga baya ne muka san abin da rubutun nan yake tambaya. Cewa yake, wannan kaɗai za a naɗa, ko duk lokacin da aka sa kokawa? Kuma masu hikimar da suka ƙera abin sun ajiye zaɓin a kan “duk lokaci.”

Ana gama cire doya Malam ya kwanta, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Adda ta shiga takaba. A ranar sadakar uku Najiba ta ce bari ta kunna shirin nan ta ɗauka da wayarta, ko don jikoki. Goggonsu, yayar marigayi, ta daka mata tsawa. “A gidan makoki za ki kunna talabijin? A gidanmu ba a yi. Sai ta fita takaba.” Ba wanda ya ja da ita. Adda da kanta ta ɗauko wani farin zane ta lulluɓe talabijin da dikoda. Ta ce ai ba gaggawa, yana ciki, ranar da ta fita shi za ta fara gani.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan, yadda matar nan ta yi wa akwatin nan hidima. Ta riƙe dokar Muntasir kamar karatun salla, ba a cire ta daga wuta. Masu zuwa gaisuwa in suka nemi wurin cajin waya, ko'ina su sa ban da nan. Muntasir kuma yana can yana sabunta katin kallo duk wata, don kada Mama ta fita ta tarar an yanke. Takabar ta shiga cikin bazara, zafin Jalingo da kuka sani, batirin sola kuma ya soma tsufa, ba ya ɗaukar fanka da dikoda tare. Sai ta kashe fanka.

Nakan biya in na tashi daga kasuwa, in same ta zaune a tabarma, zufa na tsiyaya, wuyanta duk ƙuraje.

“Adda, kunna fankar nan mana, za ki dahu.”

“Batir ba zai kai ba, Keziah. Malam na ciki.”

Akwai wata 'yar fitila a gaban dikodar da ake hangen haskenta ta cikin zanen. Yawanci koriya ce, amma in yamma ta yi sai ta koma ja. Adda ta lura da ita. Ta ce mini, “Kin gani? Duk yamma sai ta yi haka, daidai lokacin da yake dawowa daga maƙera. Hankalina kwanciya yake in na gan ta, na san tana da rai.” Ni ma na gyaɗa kai, na ce Allah mai iko. Mu biyu, manyan mata, muna zaune muna kallon jar fitila muna jin daɗi, ba mu san cewa ma'anarta ana naɗar kokawa ba.

Ranar fita takaba aka yi abin da ake yi, ta yi wanka, ta sa sabon zane, aka raba waina, mata suka yi addu'a suka watse. Da rana ta ɗan yi sanyi ta riƙe hannuna ta ce in tsaya. Najiba ma tana nan da wayarta a shirye. Adda ta yaye farin zanen, ta ninke shi a hankali, ta goge fuskar talabijin da bakin mayafinta. Ta zauna, ta gyara zama, ta bi hanyarta da rimot, leɓenta na motsi.

Wani ƙato mai gashi har gadon baya ya fito yana ihu, ya ɗaga wani ƙaton ya maka shi da ƙasa.

“Na yi kuskure,” in ji Adda. Ta koma ta sake bi. Wasu ƙattin ne daban. Najiba ta karɓi rimot ta shiga jerin abubuwan da aka ajiye, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta yi ta yi har ta kai ƙarshe. Kokawa ce tun daga sama har ƙasa. 

Na fita ko takalmi ban sa daidai ba, na tari keke na je na ɗauko Tobiya, wanda yake kafa wa mutane dish, shagonsa na bayan layinmu a kasuwa. Ya zo ya durƙusa ya yi ta danne-danne, ya shiga nan ya fita can. Daga ƙarshe ya ajiye rimot ya share goshi.

“Mama, wannan abu ya cika ne. An sa shi ya kama restilin kullum kullum. In ciki ya cika, shi yana share na tsoho, ya sa na sabo. Na Baba shi ne tsoho duka, shi ya fara tafi.”

“Ya tafi ina?” in ji Adda.

“Ya share, Mama. Babu shi.”

Na ce, “Ba tambaya? Abu zai share mutum bai tambayi kowa ba?”

Tobiya ya ce ba ya tambaya, haka aka yi shi. Wai akwai yadda ake hana shi. Ya ɗauki rimot ya nuna mana: ka shiga wani wuri, cikinsa ka shiga wani, ka danna wani shuɗin maɓalli da ba a rubuta komai a kansa ba, sai wani ɗan hoton kwaɗon ƙofa ya fito, ƙanƙane kamar ƙuda. In ka sa wa shiri wannan kwaɗon, ba ya gogewa. Sannan ya ƙara da cewa, “Da ma kun cire shi a wuta, da ba abin da ya same shi. Ai laifin ba a sa kwaɗo ba ne.”

Nan na tashi masa. Allah ya sani Tobiya ba shi ya ƙera ba, daga baya ma na kai masa kifi na ba shi haƙuri, amma a ranar shi ne a gabana. Na ce laifin wa? Abin da zai ɗauki kokawa, dannawa ɗaya ya ishe shi, a kan hanya yake, ko makaho ya taka. Abin da zai tsare maka mutuminka kuwa an kai shi ƙuryar ɗaki an tura ƙarƙashin gado an kashe fitila. In ka tashi canza tasha zuwa wadda ba ka biya ba, rubutu ne zai cika talabijin, manya-manya, da ja, har da ƙara. Wannan sun san yadda za su sa ka gani. Amma ranar da za su share mijin mutum, shiru kake ji. Sun iya sa Hausa a cikin tallarsu a rediyo, “ku saya, ku more,” amma ba su iya sa kalma ɗaya ta Hausa a cikin akwatin ba. Wanda ya zauna ya tsara abin nan, ba shi da uwa ne? Bai taɓa miƙa mata rimot ya koma gefe ya ga yadda za ta yi ba?

 Adda kuwa tana zaune tana kallon ƙattin nan suna ta faɗuwa suna tashi.

Muntasir ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kira kamfanin, wata mai zaƙin murya ta ce masa suna ba da haƙuri, amma an yi bayanin komai a cikin ɗan littafin da ke cikin kwali. Ya zo da kansa ya nemi gidan talabijin ɗin da suka yi shirin, ya tarar sun daɗe da rufewa, wurin ya zama shagon sayar da tayil. Ya bi mai kyamarar har gida, mutumin ya ce kwamfutar da abin ke ciki ta ƙone tun bara. Yaron nan ya zauna a rumfata ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa shi ya ce kada a cire. Na ce masa ya share hawaye, shi ma abin da aka gaya masa a shago ya faɗa.

Ni shawarata ita ce a ɗauko ɗaya daga cikin gudumomin Malam a yi wa dikodar abin da ya dace da ita, a tsakar gida, kowa na gani. Adda ta hana. Tobiya ya dawo ya ce to bari aƙalla ya cire umarnin nan, ta daina kama kokawa. Har ya ɗora yatsa a kan rimot, sai ta riƙe hannunsa.

“Bar shi. Malam ne ya sa.”

Har yau haka take. Duk yamma jar fitila na kamawa, akwatin na ɗaure wa mamaci ƙattinsa su jira shi ya dawo. Fanka dai yanzu tana kunnawa, wannan na tsaya a kai sai da na ga ta yi.

Ta dawo kasuwa, tana ciniki, tana zagina da yaren uwata in na taɓa mudu. Gyaran nan na babu dalili ne dai ban ƙara ganin ta yi wa kowa ba. Rannan da azahar, kasuwa ta yi tsit, tana ɗura mai a kwalba, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Keziah, ai kina wurin ranar. Kin ji yadda ya faɗa.”

Na ce na ji.

“Faɗa mini yadda ya faɗa. Ni ya soma ɓace mini.”

Na ajiye kifin da ke hannuna. Na sunkuyar da kai, na sosa haɓa, na yi 'yar dariyar nan ta cikin hanci, na ƙanƙance murya iya yadda zan iya, na ce, “Zulai ce. Ba don Zulai ba, da tuni na ajiye guduma.”

Ta tsaya da mazurari a hannu, ta karkata kai tana saurare har bayan na gama. Sannan ta girgiza kai.

“Ba haka ba ne,” ta ce, ta ci gaba da ɗura manta.